Daga Digirin Farko Zuwa Digirin Digirgir: Amsa Ga Ɗiyata Ta Talata Mafara

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ina gaishe ka da aiki. Ni ɗiyarka ce daga Talata Mafara, shekaruna 23. Bana na kammala digirin farko a fannin kemistiri da maki 4.31, yanzu ina jiran a tura mu bautar ƙasa. Wata ƙawata ta ce mini a Amurka ana ɗaukar mutum digirin digirgir kai tsaye ba sai ya yi mastas ba, kuma har biyansa ake yi duk wata. Da gaske ne? In haka ne, ta ina zan fara? Mahaifina malamin firamare ne da ya yi ritaya, ko kuɗin jirgi ba mu da halinsu. Furojet ɗina a kan ƙarafa masu guba ne da ake samu a alayyahu da latas na kasuwa. Sannan a gida an fara maganar aure. Allah ya ƙara basira.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya sa albarka a karatun. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ta ba ki.

A nan gida ba a tsallake mastas, sai kin yi shi kafin a karɓe ki digiri na uku, wato digirin digirgir. A Amurka kuwa yawancin sassan kimiyya suna ɗaukar mai digirin farko kai tsaye. Karatun yakan ci shekara 5 zuwa 6. Shekara ɗaya ko biyu na farko darussa ne a aji, sai a yi miki wata jarrabawa ta tantancewa, in kin haye ki duƙufa kan bincike. Wato mastas ɗin yana ciki, an dai dunƙule su ne wuri guda.

Rabin da ba ta faɗa miki ba shi ne kuɗin nan ba kyauta ba ne, ladan aiki ne. Ko dai ki riƙa taya koyar da 'yan aji ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje kina duba takardunsu, kamar awa 20 a mako, ko kuma wani farfesa ya biya ki daga kuɗin binciken da ya samo, ki yi masa aiki a kan abin da ya karɓi kuɗin dominsa. A kan haka ake yafe miki kuɗin makaranta, a ba ki abin biyan haya da cefane. To kin ga masu duba takardunki ba hukumar zakka ba ce da ke neman wanda ya fi cancanta da taimako. Ma'aikaciya suke nema. Abin da ke ransu ɗaya ne: in muka ba wannan yarinya makullin ɗakin gwaji har shekara biyar, za ta fito mana da abin da ba a sani ba a da? Duk wata takarda da za ki aika, wannan tambaya take amsawa, ko ta kasa amsawa.

Makinki ya isa. Daga 3.50 zuwa 4.49 babban mataki na biyu ne, ke kuma kina can sama-sama. Kar ki ɓata dare kina ƙunar rashin kai 4.50. Maki bakin zaure kawai yake kai mutum. Na ga mai 4.70 da aka ƙi, na ga mai ƙasa da naki da aka ɗauka, kuma duk lokacin bambancin yana wurin bincike.

Don haka bari mu zauna kan furojet ɗinki, don shi ne jarinki. Zan faɗa miki gaskiya irin ta uba: awon ƙarafa masu guba a ganyen kasuwa, ɗalibai da yawa sun yi shi, ni kaina na duba irinsa har na daina ƙirgawa. Taken ba zai burge kowa ba. Abin da zai sa a tsaya a kanki shi ne ki san aikin ciki da bai. Ɗauko kundin nan ki karkaɗe ƙurarsa, ki tambayi kanki. Samfur nawa na ɗiba, kuma me ya sa na tsaya a nan? Da wane asid na narkar da ganyen? Na yi gwajin da babu samfur a ciki don in tabbatar dalmar da na gani ba daga kwalabata ko ruwana ta fito ba? Na maimaita awon, ko sau ɗaya na yi na rubuta? Na'urar AAS ɗin da ake awon ƙarafan da ita, ni na zauna gabanta, ko kai samfur na yi wata jami'a aka miƙo mini takardar lambobi na biya?

In amsar ta ƙarshe ita ce an miƙo miki, ba abin kunya ba ne, haka yawancin ɗalibanmu suke yi don na'urar ba ko'ina take ba, inda take ma wuta ba kullum ba. Amma kar ki rubuta cewa kin iya sarrafa ta. Sau da yawa ana kiran mutum hira ta bidiyo, kuma minti biyu sun ishi wanda ya shekara ashirin da na'urar ya gane wanda bai taɓa kunna ta ba. Abin da na fi so in gani a takardar ɗalibi shi ne inda aikin ya ƙi. Wadda ta rubuta cewa sakamakonta na farko ya fito da yawan da hankali ba zai ɗauka ba, ta bi diddigi ta gano ruwan da ta wanke kwalabe da shi ne, ta sake daga farko, wannan ta nuna mini mai bincike ce fiye da wadda ta cika shafi da cewa tun tana ƙarama take son kimiyya. Kowa haka yake rubutawa.

Yanzu ga abin da kike da shi wanda ɗan Indiya ko ɗan Sin mai nema tare da ke ba shi da shi. Ke 'yar Zamfara ce mai karatun dalma. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Da aka bincika sai aka tarar duwatsun zinaren da ake kawowa gida ana daka ana niƙa cike suke da dalma, ƙurar tana zuba a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. A wasu wuraren dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke aiki da shi a lokacin ga ƙasar gidajen zama 400 ne. Ƙauyen Bagega kuwa sai 2013 aka fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasar. Duk farfesan da ke aiki kan gubar ƙarafa ya san sunan jiharmu, ko da bai iya furta shi daidai ba.

Amma ki yi hattara da abu biyu. Kar ki mayar da mutuwar yaran nan abin neman tausayi. Labari ba bincike ba ne, sai kin mayar da shi tambayar da za a iya aunawa. Misali, bayan shekaru da kwashe ƙasar nan, nawa ne ya dawo? Ta wace hanya dalmar ke shiga hatsi, ta saiwa ne ko ta ƙurar wurin sussuka da injin niƙa? Wace irin ƙasa ce ke riƙe ta, wace ce ke sakinta ga shuka? Na biyu, kar in ji kin kama hanyar dajin Anka da leda wai ɗibar samfur. Kin san halin da hanyoyin nan suke ciki, ba digirin da ya kai ranki. A ƙofar gidanku akwai aikin da ya ishe ki: ga madatsar Bakolori da aka gama tun 1978, ga gonakin noman rani da ke sha daga gare ta, ga kasuwar Mafara da hatsi ke shigowa daga ko'ina. Ƙaramin aiki mai tsabta a kan ruwa da ƙasa da ganyen wuri guda ya fi babban take marar tushe.

Wannan ya kawo mu shekarar bautar ƙasa. In da hali ki nemi a tura ki jami'a ko kwaleji ko wata cibiyar bincike mai ɗakin gwaji. In makarantar sakandare aka jefa ki, ba laifi, koyarwar ma za ta yi miki amfani tunda koyarwa za su biya ki ki yi, amma ki nemi malamin kemistiri a jami'a mafi kusa ki ce za ki taya shi aiki kyauta ranakun da ba ki da aji. Wankin kwalabe ma ki karɓa. Ta haka hannu ke faɗawa, ta haka kuma ake samun wanda zai tsaya miki shaida. Ki koyi lissafin alƙaluma da manhajar R, kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. In ke da mai duba furojet ɗinki kuka gyara aikin ya fito a mujallar ilimi ta ƙwarai, madalla. Amma mujallun nan da ake biya yau a buga jibi ba tare da kowa ya duba ba, ki guje su. Masu tantancewa sun san su, ganin sunansu a takardarki rage miki daraja zai yi.

Shaidu uku za a nema, kuma a nan ne 'ya'yanmu suka fi faɗuwa. Ɗalibi sai ya tafi wurin farfesa mafi girman suna a sashe, wanda ko fuskarsa bai sani ba, a rubuta masa layi huɗu cewa yaro ne mai ladabi da biyayya. Ladabi abu ne mai kyau, amma ba shi aka tambaya ba. Ƙaramin malamin da ya tsaya a kanki kina aiki, wanda zai iya cewa ranar kaza abu kaza ya lalace kuma ga yadda ta yi, wasiƙarsa ta fi. Akwai kuma wata ɗabi'a tamu ta malamai, ni ma na taɓa yi Allah ya yafe mini, ta cewa ɗalibi je ka rubuto in sa hannu. Wasiƙu uku masu murya ɗaya ba sa ɓuya. Abin da ya dace ki kai wa kowannensu takardar sakamakonki da taƙaitaccen abin da kuka yi tare, don ki tuna masa, shi ya rubuta da kansa. Ki kuma tabbatar yana da adireshin imel na jami'arsa kuma yana buɗewa, don jami'ar can ita za ta aika masa mahaɗi kai tsaye ya ɗora wasiƙar, ba ta hannunki za ta bi ba.

Ki ba su wata biyu, ba mako biyu ba. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan, ina da ɗalibin da ke neman wani gurbi. Sai da na shiga mota daga Gusau har Funtuwa, na zauna a wani shago, don kawai in ɗora masa wasiƙa. Mun samu mun aika ana saura kwana ɗaya. Tun daga ranar duk wanda ya zo mini a ƙurarren lokaci sai na ba shi wannan labari kafin in ce masa to.

Ga yadda kalandar take. Yawancin jami'o'in Amurka suna rufe karɓar takardun digiri na uku a farkon Disamba zuwa tsakiyarsa, wasu su kai Janairu. Amsa tana fitowa daga Fabrairu zuwa Maris, wanda aka yi wa tayin kuɗi yana da har 15 ga Afrilu ya amsa, karatu ya fara a Agusta. Ki ƙirga baya daga Disamba. Abu na farko da za ki nema, tun kafin ki tafi sansani, shi ne cikakkiyar takardar sakamakonki ta shekara huɗu. Tawa wata bakwai ta yi kafin ta fito daga wani ofishi da ba zan ambata ba, har gurbin da na fara samu ya wuce ni. Sai fasfo, shi ma tun yanzu. Jarrabawar Turanci kuwa, IELTS ko TOEFL, shekara biyu sakamakonta yake aiki, don haka kar ki yi gaggawar yin ta. Jami'o'i da dama suna yafe wa ɗan Najeriya ita tunda da Turanci ya yi digiri. Jarrabawar GRE ta neman shiga karatun gaba da digirin farko ma sassa da yawa sun daina nema tun wajen 2020. Ki fara tsara jerin wuraren da za ki nema, ki karanta sharaɗin kowanne a shafinsa, sannan ki san wace jarrabawa ce ta zama dole.

Kin ce ba ku da hali. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ba zan ɓoye miki ba. Kowace jami'a tana karɓar kuɗin cika fom, galibi tsakanin dala 50 da 100. In an ɗauke ki akwai dala 350 na rajistar ɗalibai baƙi da dala 185 na biza, ga jirgi, ga kuɗin zama kafin albashin farko ya shigo. Alawus ɗin bautar ƙasa naira 77,000 ne, ki fara cire wani abu tun watan farko ki manta da shi. Ki kuma rubuta wa sashen da kike nema ki roƙi a yafe miki kuɗin fom, ana yafewa, rashin tambaya ne ke hana mutane. Ofishin EducationUSA da ke Abuja da Legas yana ba da shawara, kuma yana da shirin da ke ɗaukar wa hazikan ɗalibai marasa hali irin waɗannan kuɗaɗe na farko.

Batun rubuta wa farfesa tun kafin a nema, ya danganta da sashe. A sassan kemistiri na Amurka kwamiti ne ke ɗauka, sai kin isa kin zazzaga ɗakunan gwaji kafin ki zaɓi wanda za ki zauna ƙarƙashinsa. A sassan kimiyyar muhalli da na ƙasar noma kuwa, sau da yawa sai wani malami ya ce ina so kuma ina da kuɗinta. Aikinki ya fi karkata can, don haka za ki rubuta. Gajeriyar wasiƙa, wadda za a karanta a waya: ga ni, ga abin da na auna, na karanta aikinka kaza ga tambayar da ya tayar mini, kana ɗaukar ɗalibi bana? Ban da doguwar gaisuwa irin tamu, can ba a san ta ba. Goma za su yi shiru, ɗaya ya amsa.

Yanzu ra'ayina, tunda kin tambaye ni. Kar ki rataya komai a kan Amurka. Tun 2025 bizarta ta ƙara tsauri ga 'yan Najeriya, dokokin kuma suna sauyawa, ana iya ba ki gurbi da kuɗi ki rasa hanyar shiga. Cikin ɗalibaina da suka yi digirin digirgir da tallafi, mafi yawansu ta mastas suka bi, kuma ba wanda ya dawo yana cewa ya yi asarar lokaci. Jamus da Holan da Suwidin suna ɗaukar mai digiri na uku kamar ma'aikaci da albashi, shekara 3 zuwa 4, amma kusan duka sai da mastas. To ki nemi mastas mai tallafi a lokaci guda. Akwai Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, akwai DAAD na Jamus, akwai na ƙungiyar Commonwealth a Ingila. Tallafin Chevening na gwamnatin Ingila ba naki ba ne tukuna, yana son shekara biyu ta aiki. A Saudiyya akwai jami'ar KAUST da aka buɗe a 2009 a Thuwal, arewa da Jidda, da Turanci ake karatu, tana ɗaukar mai digirin farko ya yi mastas ya zarce, kuma ita ke ɗaukar nauyin ɗalibanta. Ina jin wannan za ta fi kwanta wa mahaifinki a rai, in ya ji Makka na kusa. A gida ma akwai reshen Jami'ar Tarayyar Afirka da ke Ibadan mai kula da kimiyyar ƙasa da rayuwa, da Cibiyar Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero.

Ni ta TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na bi na tafi Malesiya, amma wannan hanya ta malaman manyan makarantun gwamnati ce, sai an ɗauke ki aiki tukuna, kuma daga farkon 2025 an dakatar da ɓangarenta na fita waje. Na faɗa ne don kar wani ya ce miki ai ga yadda su Malam suka yi.

Saura maganar aure, wadda kika sa a ƙarshe kamar ƙarama ce. Ba zan ce ki yi ko ki bari ba, wannan na gidanku ne. Abin da zan ce, a faɗa wa mai neman gaskiyar shekarun tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa: biyar ne ko shida, ba kwas ɗin wata tara ba ne. Ya kuma san cewa a Amurka mijin da ya bi matarsa da bizar rakiyar ɗaliba ba shi da izinin aiki, kuma albashin nan na mutum ɗaya aka yanka. A Ingila tun Janairun 2024 mai mastas na aji ba ya tafiya da iyali, mai digiri na uku yana iya tafiya. Na ga wadda ta yi karatun da goyo mijinta na riƙe mata, na kuma ga wadda gurbi ya fito aka ce ba inda za ta, don ba a taɓa zama an yi maganar ba. Ki sa mahaifinki cikin shirin tun yau, ki nuna masa jerin makarantun da kalandar. Malamin makaranta ne, in ya ga abu a rubuce da tsari zai fi saurin fahimta fiye da ranar da za ki zo masa da takardar biza. Ki gaishe mini da shi.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ina da HND daga Ƙauran Namoda. Wani a Facebook ya ce in ba shi naira 400,000 zai samo mini digirin digirgir da cikakken tallafi a Turai cikin wata uku. In biya? Ƙaninka daga Shinkafi.

AMSA

Kar ka biya, ƙanena. Ba wanda ke sayar da irin wannan gurbi, malamin da zai biya ka albashi shi ke zaɓar ɗalibinsa da kansa bayan ya yi hira da shi. Kuma mai HND a tsarinmu sai ya yi babbar difloma ta PGD, sannan mastas, sannan a fara zancen digiri na uku. Kuɗin nan ka kai su can. In ya matsa maka, ka ce ya turo sunan jami'ar da na farfesan da adireshinsa na imel na makaranta, ka rubuta wa farfesan da kanka ka tambaye shi ko ya san mutumin.